Jakar Hannu ta Gida: Me Ya Sa Take Yagewa, Kuma Ina Mafita?

TAMBAYA: Wata baiwar Allah daga Gazawa ta rubuto cewa ɗan'uwanta ya kawo mata tsarabar kwalin haɗa jaka, irin wanda ake sayarwa da fata yankakkiya, da allura, da zare, da zif. Ta haɗa, jaka ta yi kyau, maƙwabta suka yaba. Sai ta sayo fatar akuya ta yi ta biyu da kanta. Ba a rufa wata guda ba hannun jakar ya tsinke, ɗinkin gindi ya yage, jan rini kuma ya ɓata mata mayafi. Tana son sanin inda ta kuskure.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kada gwiwarki ta yi sanyi. Jakar farko ta yi kyau ne saboda masu kwalin sun riga sun yi miki aiki mafi wuya: sun zaɓi fata, sun yanka, sun huda. Ɗinki kawai suka bar miki. A jaka ta biyu kuwa dukan aikin ya dawo hannunki, kuma ƙarkon jaka tun kafin a zura zare a allura ake samunsa.

Mu fara da fata. A nan kin yi dace, domin kina zaune a ƙasar jar akuyar Maraɗi, wadda a Nijeriya ake kira jar akuyar Sakkwato. A da, shekaru aru-aru ayarin raƙuma sun yi ta tsallaka Sahara da fatarta, Turawa suna saye a kasuwannin arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko, suna rufe littattafai masu tsada da ita. Har yau daga Gidan Rumji zuwa Cadawa, Agiye da Gazawa, da wuya ki shiga gida ba ki ga wannan akuya ba. Sai dai kyawun asali daban, kyawun jima daban. Idan kin je wurin majema ko masu sayar da fata, ki gwada abu uku kafin ki biya.

Na farko, ki ɗaga fatar sama ki duba ta a hasken rana. Duk inda wuƙar mai fiɗa ta zarce, za ki ga wurin ya yi sirara, kuma nan ne za ta fara yagewa. Wannan aibi ya fi yawa a fatun layya, da yake ranar kowa mahauci ne. Na biyu, ki roƙi a yanko miki ɗan gefe ki dubi kaurinsa. Idan bagaruwa ta ratsa fatar, launinta ɗaya ne daga sama har ƙasa. Idan kika ga farin layi a tsakiya, jima ba ta kama ba, kuma irin wannan ce take ƙandarewa da hunturu, ta yi wari da damina. Na uku, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a fuskar fatar. In ƙyallen ya ɗauko ja sosai, to mayafinki ma zai ɗauka. Jan karan dafi rini ne mai kyau da dukawa suka gada, amma yana bukatar a goge rarar da ta zauna a sama, sannan a shafe fuskar da ɗan kakin zuma.

Sai yanka. Fata ba atamfa ba ce da ko'ina ƙarfinta ɗaya. Gadon baya ya fi ƙwari, gefen ciki da hammata kuwa suna da laushi, suna miƙewa. Ki shimfiɗa fatar, ki gane layin ƙashin baya, ki fitar da gaba da bayan jaka daga ɓangarorinsa biyu. Hannun jaka ki yanke shi a tsaye, yana bin wannan layi. Idan kika yanke shi a kwance ko daga ciki, zai yi ta tsawo har ya tsinke. Gefen ciki ki ajiye shi don aljihu da ado. Sassan da suka zo a cikin kwalin nan su ne malaminki: ki zana siffarsu a kwali mai kauri, ki riƙa ɗorawa kina yankawa da reza sabuwa a kan katako.

Fatar akuya ba ta cika wuce milimita 1 a kauri ba, don haka ita kaɗai ba za ta ɗauki nauyin waya, turare da makullai ba. Ki yi mata shafi da yadi mai ƙarfi, ki ninka gindin, hannun kuma ki naɗe shi a kan igiya ko ki yi shi da ƙirgi.

Yanzu ɗinki. Yawancin masu koyo suna matse hudoji kusa da juna da kuma bakin fata, suna ganin haka ya fi ƙarfi. A fata, hudoji masu matsi hanya ce da aka buɗe wa yagewa. Ki ja layi milimita 4 daga baki, ki bar kamar milimita 4 tsakanin huda da huda. Ki manne sassan da ɗan gam tukuna, ki huda su tare da basilla don ramukan su dace. Zare ya kai ninki huɗu na tsawon wurin da za ki ɗinka, ki murza shi da kakin zuma, ki sa allura a kowane ƙarshensa. Kowane rami allurai biyu za su ratsa shi, ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu. Amfanin wannan ɗinki shi ne, ko zare ɗaya ya tsinke, ɗayan yana riƙe. Ki ja daidai, kada fatar ta tattare. In kin kai ƙarshe, ki koma baya rami uku kafin ki yanke.

Wurin da hannu ya haɗu da jiki shi ne ya fi shan wahala. Kada ki jera hudoji a kwance daga wannan gefe zuwa wancan, domin nan take tsinkewa. Ki ɗinka layi biyu a tsaye, kuma ki sa ƙaramin yankin fata ta ciki ya tallafa.

Bayan kin gama, kulawa ce ta rage. Da hunturu ki shafa ɗan man kaɗanya haɗe da kaki, bayan kin gwada a wurin da ba a gani, saboda mai yana sa launi ya yi duhu. In ruwa ya doki jakar, ta bushe a inuwa, kada ta ga rana ko wuta. Da damina kada ki ƙulle ta a leda, za ta yi fumfuna. Ki cusa mata takarda ki rataye inda iska take shiga.

Shawarata ta ƙarshe, kada ki sake fara da babbar jaka. Ki yi ƙaramar jakar kuɗi biyu ko uku da ragowar fatar da kike da ita, sannan ki kai wa baduku na garinku ya duba, ki zauna ki ga yadda yake riƙe basilla. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da kika ja ɗinkin ƙaramar jaka da ƙarfinki bai motsa ba, ranar ce za ki sayi fata sukutum ki yi babba, ki fara karɓar aikin mutane da kwanciyar hankali.