Hukuncin Rushe Tsohon Gida Bayan Gobara

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa, idan hunturu ya kama, gobara takan ci tsofaffin gidajen ƙasa a Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Daga nan sai magada su rabu biyu: waɗansu su ce a rushe, waɗansu su ce soron kakanni ne, a bar shi.

To, irin wannan saɓani ya auku a kan Ka'aba kanta. Da ta ƙone a shekara ta 64 bayan Hijira, Abdullahi ɗan Zubairu ya nemi shawara. Abdullahi ɗan Abbas ya ga a gyara inda ya raunana kaɗai, a bar duwatsun yadda Manzon Allah (SAW) ya bar su. Ɗan Zubairu kuwa sai da ya kwana uku yana istihara, sa'an nan ya rushe, ya sāke ginawa.

Ni dai na fi karkata ga ra'ayin ɗan Abbas, muddin ginin zai tsaya. Amma in bango ya rinjayo kan hanya, malamanmu na Malikiyya sun ce mai gidan da aka gargaɗa ya yi sakaci, har bangon ya faɗa wa wani, to, lamuni yana wuyansa. Wallahu a'alamu.