Kafin aikin yanar ido da bayansa

Yanar ido ba ta jin maganin ɗigawa, aiki ne kaɗai ke raba ka da ita. Likita zai cire madubin idon da ya dushe ya sa na roba, galibi cikin rabin awa, kana farke, an kashe zafin wurin. Don Allah kada ka kai idonka wajen masu soka allura su tura yanar ciki, idanu da yawa sun mutu ta haka.

Kafin ranar aikin, a auna sukarinka da hawan jini, ka nuna wa likita duk magungunan da kake sha, musamman masu tsinka jini irin su asfirin. Ka tafi da ɗan rakiya.

Bayan aiki ne ake yawan sakaci. Wanke hannu kafin ɗiga maganin da likita ya ba ka, ka kiyaye lokutansa. Ban da murza ido, ban da kwalli, ka guji hayaƙin murhu da ƙurar hunturu. Tambayi likita yadda za ka yi alwala da sujada a makon farko. Warkewa kan ɗauki mako 4 zuwa 6. In ciwo ya tsananta ko gani ya ragu, koma asibiti a ranar, kada ka jira ranar da aka ba ka.