Kwamfuta da Tarihin Majinyaci: Matsalar Ma'ana a Yankin Funtuwa da Malumfashi

Tun a 1966 Warner Slack ya gwada ɗaukar tarihin majinyaci da kwamfuta a Amurka. Sai dai kwamfuta ba ta tambayar abin da ba a koya mata ba. A bakin manomin Funtuwa, "ciwon zuciya" kan nufi baƙin ciki. Gazawar zuciya kuwa, da haki da kumburin ƙafa yake kwatanta ta. Haka nan, binciken Davidson da Parry a Zariya (1978) ya danganta gazawar zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan jego. Manhajar da ba ta tambayi maijegon Malumfashi waɗannan al'adu ba, ta tsallake abin da zai ceci ranta. Saboda haka, tsara tambayoyin nan aikin likita ne da masanin Hausa tare.