Sanƙarau mai dawowa: a duba gadon baya

Ƴan'uwa mutanen Imanan da Kurfai, kun san sanƙarau, ciwon lokacin ƙura da zafi. Ƙwayoyin cuta ne suke kama fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. A shekarar 2010, Filinge tana cikin wuraren farko da aka yi wa jama'a sabuwar allurar rigakafin sanƙarau mai lamba A. Allurar ta kare mutane da yawa.

Amma akwai sanƙarau wanda ba iska ke kawo shi ba, kuma wannan allura ba ta tare shi.

Daga ina yake shiga?

Gadon bayan jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki. Wani lokaci ba ya rufewa sarai. Sai a haifi yaro da ƴar ƙaramar kafa a tsakiyar baya, sama da tsagin ɗuwawu, wadda ta zarce ciki har wajen laka. Yaro yana iya girma da ita, har ya yi aure, ba wanda ya lura. Ta wannan kafa ƙwayoyin cuta na fata suke shiga. Mutum ya sha magani ya warke, ciwo ya sake dawowa, domin ƙofar tana buɗe.

Alamomi

A baya: ƴar kafa, ko tsiron gashi, ko jan tabo, ko ruwa da mugunya suna fita.

A jiki: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai, gushewar hankali.

Me za mu yi?

1. Mai alamun sanƙarau, a kai shi likita ta Bonkuku ko asibitin Filinge ran nan. Jinkiri yana kisa, yana kurumtarwa.
2. Wanda sanƙarau ya kama sau biyu, ya roƙi likita ya duba masa baya.
3. Kada a tsokani kafar da tsinke, kada a yi mata tsaga ko a cusa magani. Aikin tiyata ke rufe ta, a babban asibitin Yamai.
4. Mata su riƙa cin wake da ganyen lambu. Mai son ɗaukar ciki ta nemi ƙwayar folik tun kafin cikin ya shiga, domin tana rage irin wannan tawaya.

Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

Ta ina wannan sanƙarau yake shiga jiki? Me ya sa yake dawowa?