Kalmomin da Ake Ji a Gaban Alƙali

Wani manomi ya jinginar da gonarsa. Bayan shekara 3 ya kawo kuɗi zai fanshe ta, sai mutumin ya ce ai saye ya yi. Manomi ya tafi kotu. Da aka soma magana sai ya rikice, gama bai san ma'anar abin da ake faɗi ba. To, jama'a, mu koyi waɗannan kalmomi tun rana ba ta ɓaci ba.

Ƙara: kai kuka gaban alƙali. Manomin shi ne mai ƙara, ɗayan kuwa wanda ake ƙara.

Sammaci: takardar da kotu ke aiko wa mutum, ta gaya masa ranar da zai zo. Sammaci ba hukunci ba ne, kira ne. Amma wanda ya ƙi zuwa, ana iya aikowa a kama shi, ko a yi shari'ar ba ya nan.

Shaida: mutumin da ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa. A shari'ar Musulunci mai ƙara ne ke kawo shaidu. In ya rasa, rantsuwa ta hau kan wanda ya musa.

Tuhuma: zargi ne kurum. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a kan ba shi da laifi, sai kotu ta tabbatar.

Beli: a saki mutum ya koma gida, wani ya tsaya masa cewa zai dawo ranar shari'a. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne.

Tara da diyya: tara kuɗi ne na horo, gwamnati ake biya. Diyya kuwa ta wanda aka cuta ce.

Ɗaukaka ƙara: in ba ka gamsu da hukunci ba, sai ka kai maganar kotu ta gaba. Akwai wa'adi. Tambayi magatakarda tun ranar, kada ka yi sanyin jiki.

Da manomin nan ya sa an rubuta "jingina" a takarda gaban shaidu, ya karanta da kansa, da gardama ba ta yi nisa ba. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin jingina da sayarwa?
2. Wa ake biya tara?
3. Rubuta a allonka: sammaci, shaida, beli.