Yadda ake ciro jimillar cinikin awa-awa daga Kafka Streams

A ce wani dillalin taki yana da babban shago a Gusau, da reshe a Tsafe kan hanyar Funtuwa, da wani a Bungudu kan hanyar Sakkwato. Duk cinikin da aka yi, wayar yaron shago tana aika saƙo zuwa Kafka, manhajar da aka ƙirƙira a kamfanin LinkedIn aka sake ta ga kowa a 2011. Maigida ya kira ka da La'asar ya ce, "Nawa Tsafe ta sayar daga ƙarfe tara zuwa sha biyu?" Ba sai ka kwashe bayanan zuwa wani rumbu ba. Kafka Streams, da ya fito a 2016, yana riƙe jimilla a ma'ajiyarsa, kuma ana iya tambayarta kai tsaye.

Mataki na farko, tsara saƙon. Mabuɗinsa ya zama sunan reshe, kuɗin kuma a rubuta shi da kwabo a matsayin Long. Double yana kawo 'yar ɓaraka a lissafi, kuma ɗan kasuwa ba ya yafe ko naira ɗaya. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne lokaci. Saka lokacin da aka yi cinikin a cikin saƙon, ka rubuta TimestampExtractor da zai karanto shi. In ba haka ba, cinikin da aka yi a Bungudu da hantsi, sabis ya ɗauke, saƙon bai fita ba sai Azahar, yana iya faɗawa lissafin Azahar.

Na biyu, yanka lokaci taga-taga. Bayan groupByKey, kira windowedBy da TimeWindows.ofSizeAndGrace, ka ba shi tsawon taga, misali awa 1, da wa'adin jiran saƙon da ya makara. Wannan wa'adi ya cancanci dogon tunani. Kafin Kafka 3.0 na 2021, wanda bai faɗi komai ba ana ba shi awa 24, amma sababbin hanyoyin suna tilasta maka ka zaɓa. Misalan da ke yawo a intanet suna sa minti biyar ko goma, domin masu rubuta su ba su san sabis ɗin hanyar Tsafe ba. Saƙon da ya iso bayan wa'adi ya ƙare jefar da shi ake yi, ba ƙorafi, sai dai ka ga adadin dropped-records-total yana hawa. A ganina awa 12 ba ta yi yawa ba a nan, muddin maigida ya san adadin da ya gani da rana yana iya ƙaruwa da dare. Babu wa'adin da zai ɗauki irin rufe layukan sadarwa da aka yi a Zamfara a Satumbar 2021, wanda ya ɗauki makonni. Irin wannan sai a tanadi hanyar sake lissafi daga asalin saƙonnin.

Akwai kuma tarkon agogo. Kafka Streams ba agogon bango yake bi wajen rufe taga ba, lokaci mafi gaba da ya gani a saƙonni yake bi. Waya ɗaya da kwanan watanta ya zarce da mako tana iya tura lokacin gaba, duk tagogin da ke ɓangaren Kafka da saƙonta ya faɗa su rufu, cinikin gaskiya ya riƙa zubewa. Ka tace irin wannan saƙo tun daga bakin ƙofa.

Na uku, tara jimillar da reduce ko aggregate, ka raɗa wa ma'ajiyar suna ta Materialized.as, misali "ciniki-awa". Ƙara withRetention. Ba tare da shi ba kwana 1 kawai ake ajiyewa, maigida ya tambayi cinikin shekaranjiya a ce babu. Tsawon ajiyar ba zai gaza tsawon taga haɗe da wa'adin jira ba, in ya gaza manhajar ba za ta tashi ba.

Na huɗu, tambayar kanta. Kira streams.store, ka ba shi StoreQueryParameters.fromNameAndType da sunan ma'ajiyar da QueryableStoreTypes.windowStore, sai ya miƙo maka ReadOnlyWindowStore. Daga nan fetch, da "Tsafe" da lokacin farawa da na ƙarewa. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: fetch farkon taga yake dubawa, kuma yana haɗawa da iyakokin biyu. Ka nemi tara zuwa sha biyu, zai ba ka tagogi huɗu, har da wadda ta fara sha biyu ta ƙare ƙarfe ɗaya. Don amsa wa maigida daidai, nemi tara zuwa sha ɗaya. Awar da ba a yi ciniki ba ba ta da taga ko kaɗan, kai za ka cike gurbinta da sifili. In ka gama karantawa, rufe WindowStoreIterator ɗin, domin RocksDB ce a ƙarƙashinsa, wanda aka bari a buɗe yana cin ƙwaƙwalwar sabar har ta durƙushe.

Kada ka yi tagar awa 24 da sunan cinikin yini. Tagogin daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970 a agogon UTC ake jero su, Najeriya kuma tana gaba da awa 1, don haka yininka zai fara ƙarfe ɗayan dare. Maimakon haka, haɗa tagogi 24 masu awa ɗaya-ɗaya, daga 23:00 na jiya zuwa 22:00 na yau a agogon UTC.

Na biyar ya shafi wanda manhajarsa ke gudana a sabar fiye da ɗaya. Kowace tana riƙe da nata kason ne kawai, Gusau tana iya zama a wannan, Bungudu a waccan. Saita application.server a kowacce, ka tambayi queryMetadataForKey wace ce ke riƙe da mabuɗin, sannan ka tura mata tambayar ta hanyar da kai za ka gina, galibi HTTP. Idan wata sabar ta faɗi ana sake rabon aiki, tambaya za ta dawo da InvalidStateStoreException. Jira 'yan daƙiƙu ka sake gwadawa, allon maigida kuma ya nuna "ana sabuntawa" maimakon sifili.