Farautar Barewar Cital: Neman Ƙaho da Neman Nama

1.0 Gabatarwa

A nazarin sana'o'in gargajiya an saba kallon farauta ta fuskar Bahaushe kaɗai, wato fitar mafarauta da karnuka da gora bayan an kawar da amfanin gona, ko kuma kwanton maharbi da baka da kibiya a bakin mashaya. Wannan darasi zai fita daga ƙasar Hausa domin ɗalibi ya ga yadda ma'anar farauta take sauyawa idan ƙasa da doka suka sauya. Za a ɗauki dabba guda ɗaya a matsayin misali, wato cital, wadda asalinta daga yankin Indiya ne, amma a yau ana farautarta sosai a jihohin Teksas da Hawayi na Amurka. Abin da za a bi diddigi shi ne dalilin da ya sa yawan mafarauta a waɗannan wurare bai rage yawan dabbar ba.

2.0 Suna da Kamanni

Tun daga suna akwai abin lura ga mai nazarin harshe. Kalmar cital daga harshen Hindi take, tushenta kuwa yana nufin abu mai ɗigo-ɗigo. Masana kimiyyar dabbobi suna kiranta Axis axis. Hausa ba ta da suna na musamman ga dangin wannan dabba, domin babu su a dazuzzukan Afirka ta Yamma, shi ya sa ake aron kalmar barewa. Aron bai cika daidai ba. Barewa da gada da gwanki da mariri ƙahonsu ba ya yin rassa, kuma dabba takan rayu da shi har mutuwa. Ƙahon cital kuwa ƙashi ne mai rassa, namiji kaɗai ke da shi, yakan faɗi duk shekara sannan wani sabo ya tsiro a lulluɓe da fata mai laushi. Kowane ɓangare rassa 3 yake yi, tsawonsa kan kusanci mita ɗaya a jikin ƙasaitaccen namiji. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya, domin ƙahon nan ne masu farautar nishaɗi suke biyan kuɗi saboda shi.

Jikinta ja ne mai fararen ɗigo-ɗigo da ba sa ɓacewa ko ta tsufa. Namiji kan kai kilo 70 zuwa 90, tamata kuwa 40 zuwa 60. Tana ɗaukar ciki wata 7 da 'yan kai, galibi ta haifi ɗa guda. Ba ta da ƙayyadajjen lokacin barbara, don haka a kowane wata na shekara ana iya samun mai ciki, ana kuma iya samun namiji mai cikakken ƙaho.

3.0 A Ƙasarta ta Asali

Ana samun cital a Indiya da Nepal da Butan da Bangaladash da Siri Lanka. A can ita ce cimar manyan namun daji: damisar Asiya mai zane-zane da ake kira taiga, da damisa, da karnukan daji masu farauta a ƙungiyance. Su ne suke riƙe da linzamin yawanta. Takan yi kiwo a gindin itatuwan da birai nau'in langur suke kai, ta ci ganye da 'ya'yan itacen da suke zubarwa, idan biri ya hango maƙiyi daga sama ya yi kuka sai garke ya watse. A zamanin sarakunan Indiya da Turawan mulkin mallaka an farauce ta sosai, amma dokar kare namun daji ta 1972, tare da gyaran da aka yi mata a 1991, ta haramta hakan. Ke nan a gidanta cital dabba ce da hukuma ke karewa.

4.0 Teksas: Farauta a Matsayin Kasuwanci

An shigo da cital Teksas a shekarar 1932, aka zuba ta a manyan gandayen kiwo masu shinge. Wasu suka tsere, musamman idan ambaliya ta karya shinge, suka bazu a yankin tsaunuka na tsakiyar jihar. Doka ba ta lissafa ta cikin namun dajin ƙasar ba, baƙuwa ce. Saboda haka babu lokacin rufe farautarta, babu kuma adadin da aka ƙayyade wa mutum. Abin da ake buƙata shi ne lasisin farauta da iznin mai fili. Da yake kusan duk filayen Teksas mallakin ɗaiɗaikun mutane ne, sai farautar ta koma haja. Mai gandu yakan karɓi baƙo, ya ba shi masauki da ɗan jagora, ya yanka masa farashi gwargwadon girman ƙahon da ya harba. Namiji mai ƙasaitaccen ƙaho kan kai dubban daloli, tamata kuwa kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Wanda ya sha wahalar wannan ciniki shi ne barewar ƙasar ta asali, mai farin bindi. Ita ganye da tsirrai masu laushi take ci, ciyawa zalla ba ta riƙe ta. Cital kuwa takan fara cinye waɗannan tsirrai, idan sun ƙare ta koma wa ciyawa ta ci gaba da rayuwa, ta bar 'yar gida da yunwa. Rauninta ɗaya shi ne sanyi: a watan Fabrairu na 2021, lokacin da matsanancin hunturu ya auka wa jihar, an yi ta tsintar gawawwakinta a gandaye.

5.0 Hawayi: Kyautar da ta Zama Annoba

Labarin Hawayi, tsibiran da ke tsakiyar tekun Fasifik, ya fi jan hankali. A ƙarshen 1867 aka kawo wa sarkin tsibiran, Kamehameha na Biyar, kyautar cital guda 8, aka sake su a tsibirin Molokayi a 1868. Daga nan aka kai wasu Lanayi a 1920, sannan a 1959 hukuma da kanta ta kai su Mawi domin a samar wa jama'a abin farauta. A tsibiran nan babu damisa, babu karen daji, babu hunturu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa garke kan ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a shekara, har a wajajen 2022 aka ƙiyasta yawansu a Mawi kaɗai da kusan 60,000.

Ɓarnar ta shafi kowa. Suna cinye kayan lambu a gonaki, su riga shanu zuwa makiyaya, su yi karo da motoci da daddare. Mafi muni shi ne abin da suke yi wa ƙasa. Idan suka ƙwaƙule tsirran gangaren dutse, ruwan sama sai ya kwashe jar ƙasa ya zuba a teku, laka ta binne murjanin da kifi ke hayayyafa a cikinsa. Masunci da bai taɓa riƙe bindiga ba shi ma ya shiga asara. A lokacin farin 2020 zuwa 2021 dabbobin sun yi ta mutuwa da yunwa a Molokayi, wari ya dami mutane, kuma a 2022 gwamnan jihar na lokacin, David Ige, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan matsalar. Duk da haka ba kowa ne yake son a ga bayansu ba. Iyalai da yawa a Molokayi da namanta suke rufa wa kansu asiri, sun kuma gaji farautar iyaye da kakanni. Son farautar ya kai ga a 2009 wasu suka yi fasa-ƙwaurin cital a jirgi mai saukar ungulu zuwa babban tsibirin Hawayi, sai da aka shafe shekaru ana bin su kafin a kawar da su.

6.0 Mai Neman Ƙaho da Mai Neman Nama

A nan ne amsar tambayar darasin take. Mai farautar nishaɗi namiji yake nema, kuma mafi girman ƙaho. Yakan wuni yana kallon mata suna giftawa bai ɗaga bindiga ba. Amma namiji ɗaya ya isa ya yi wa mata da dama barbara. A ƙaddara garke mai maza 30 da mata 70. Idan aka harbe maza 20, goman da suka rage za su wadaci matan, baɗi a sami 'ya'ya kamar ba a taɓa garken ba. Idan kuwa mata 20 aka ɗauke, haihuwar baɗi ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bugu da ƙari, mai gandun da yake cin abinci da baƙin mafarauta ba zai so garke ya ragu ba. Farautar ƙaho, ko ta yi yawa, kiwo ce a fakaice.

Mai neman nama bai damu da ƙaho ba, hasali ma ya fi son tamata don taushin namanta. Naman cital ba shi da kitse sosai, ba shi da ƙarnin da aka sani ga naman daji, mutane da yawa na ganin ya fi na sauran danginta daɗi. Sai dai sayar da shi yana da shinge. A ƙarni na 19 masu farautar kasuwa sun kusa ƙarar da ɓaunar Amurka, wannan ya sa aka yi dokokin hana cinikin naman daji, ciki har da dokar Lacey ta 1900. Maharbi na iya cin abin da ya harba ko ya yi kyauta da shi, amma nama ba ya shiga kasuwa sai jami'in duba nama ya ga dabbar da ranta, ya kuma duba ta bayan an feɗe. Kamfanin Broken Arrow Ranch na Teksas ya warware wannan tun daga shekarun 1980 ta hanyar tafiya daji da jami'in da kuma mahauta ta tafi-da-gidanka. A Mawi, kamfanin Maui Nui Venison yana fita da dare da na'urar hangen zafin jiki, a harbi dabba a ka ba tare da an kora ta ba. Wannan aiki ya fi kusa da fawa fiye da farauta, kuma shi ne yake taɓa yawan matan.

Rarrabe niyyar mafarauci ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka karhanta farauta don wasa kawai, aka halatta ta idan da wata buƙata. Abin da ya bambanta a Hawayi shi ne buƙatar ta zarce tukunyar maharbi, ta haɗa da gonar maƙwabcinsa da komar masunci.

Jingar Aiki

1. Me ya sa kalmar barewa ba ta dace da cital ɗari bisa ɗari ba? Ƙirƙiro wani suna na Hausa, ka kare shi da hujja.
2. Yi tambaya wurin wani maharbi ko Sarkin Dawa na yankinku game da yadda suke yi da dabba mai ciki ko mai shayarwa, sannan ka kwatanta amsarsa da halin da ake ciki a tsibirin Mawi.